Kwabo Biyu da Rabi

A watan Afrilun 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙara kuɗin litar fetur daga kwabo 39 da rabi zuwa kwabo 42. Kwabo biyu da rabi ke nan, abin da iyayenmu ke ce wa taro. Samarin yanzu da ba su taɓa riƙe kwabo a hannu ba, in na ce musu a kan wannan ƙari aka rasa rayuka a Jos, aka garƙame bankuna da ofisoshi a jihohi da dama, sai su yi murmushi, su ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni. Akwai kuma abin da ya fi wannan ban mamaki, wanda ba su ma taɓa ji ba. Lokacin da aka yi wannan yajin aiki, uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, ba ta da zaɓaɓɓen shugaba ko ɗaya. Makonni shida kafin nan gwamnati ta rushe shugabancinta, ta zaunar da kantoma a ofishinta na Yaba a Legas. Ma'aikata suka ajiye aiki ba tare da kowa ya aiko musu da umarni daga sama ba.

Na kama aikin akawu a wata ma'aikatar gwamnati a Kano jim kaɗan bayan soja sun miƙa wa Alhaji Shehu Shagari mulki a Oktoban 1979. Manyanmu a ofis har lokacin ba su gama ba da labarin Udoji ba, ƙarin albashin nan da aka biya a farkon 1975 haɗe da ariyas na watanni, wanda ya sa masinja ya sayi babur, akawu ya ƙara aure. Dala ba ta kai naira daraja ba. Ma'aikacin gwamnati mutum ne da ake ba wa 'ya ba tare da dogon bincike ba, mai kanti kuma yana buɗe masa littafin bashi da fara'a, don ya san ƙarshen wata na nan tafe.

Ita kanta NLC jaririya ce a lokacin. Gwamnatin Obasanjo ce ta tattara ƙananan ƙungiyoyin ma'aikata kusan dubu ta mayar da su manya 42, aka kafa musu uwa ɗaya a Fabrairun 1978, aka kuma sa doka a riƙa cire kuɗin ƙungiya daga albashi kai tsaye. Wannan ya ba 'yan ƙwadago kuɗi da ofisoshi da motoci irin waɗanda su Michael Imoudu ba su taɓa gani ba a zamaninsu. Sai dai abin da dokar soja ta kafa, dokar soja na iya rushewa, amma ba wanda ya damu da wannan muddin farar hula ke mulki. A nan Kano ma iska ta fi kaɗawa wajen ma'aikata. Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi na PRP, bayan ya soke haraji da jangali, ya ba da hutun ranar ma'aikata a 1 ga Mayun 1980, tun gwamnatin tarayya ba ta yi tunanin haka ba. A shekarar da ta biyo ita ma ta bi sahu.

Ran 11 ga Mayun 1981 Hassan Sunmonu, shugaban NLC na farko, ya kira yajin aikin gama-gari yana neman a mayar da mafi ƙarancin albashi naira 300 a wata. Kwana biyu aka yi aka koma teburi, daga ƙarshe aka tsaya a kan naira 125. Wasunmu sun yi ta gunaguni cewa an sayar da mu da arha. A canjin wancan lokaci kuwa naira 125 ta kai dala 200. Wannan lissafi shi ne ma'aunin duk abin da ya biyo baya.

Abin da ba mu gani daga ofis shi ne, tun ana cikin wannan ciniki kasuwar mai ta fara juya wa ƙasar baya. A Janairun 1981 Najeriya na haƙo ganga fiye da miliyan 2 a rana. Kafin ƙarshen Agusta abin ya faɗo zuwa wajen dubu 700, don masu saye sun ja baya. Cif Obafemi Awolowo ya rubuta wa Shagari wasiƙa a tsakiyar shekarar yana gargaɗin cewa tattalin arziki na gab da kifewa, mutanen gwamnati suka ce ɗacin faɗuwa zaɓe ne ke damun sa. Kuɗin da mai ke kawowa, wanda ya kai wajen dala biliyan 25 a 1980, bai wuce biliyan 10 da wani abu ba a 1983. A Afrilun 1982 Shagari ya kai wa majalisa dokar daidaita tattalin arziki, aka amince da ita cikin gaggawa, rediyo ya koya mana sabuwar magana: tsuke bakin aljihu.

Aljihun wa aka tsuke? An taƙaita shigo da kaya, sai lasin shigo da su ya zama haja, 'yan jam'iyya na karɓa suna sayar wa masu masana'antu. Shinkafa ta koma hannun kwamitin shugaban ƙasa da Umaru Dikko ke jagoranta. Madara da sukari da sabulu da omo suka ɓuya, suka samu sabon matsayi na kayan da sai da hanya ake samu. A Janairun 1983 aka kori baƙi fiye da miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan Gana, har da 'yan Nijar da Chadi, wai su suka tare wa 'yan ƙasa aiki. Makarantu suka rasa malaman lissafi da Turanci, aikin kuma bai samu ba. Malaman firamare a jihohi da dama suka yi wata da watanni ba albashi. Da Birgediya Sani Abacha ya yi jawabin juyin mulki a safiyar 31 ga Disamban 1983, cikin laifuffukan da ya lissafa wa farar hula har da bashin albashi na wata takwas zuwa goma sha biyu a wasu jihohi, da asibitocin da ba magani. Ma'aikata da yawa sun yi murna a ranar.

Ni dai a gidan yayana na ga ainihin fuskar abin. Yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna, a ɗakin saƙa. Wanda bai ga Kakuri a wancan zamani ba, da wuya ya yarda da labarinta. Kaduna Textiles, wato KTL, tun 1957 take aiki, gwamnatin Sardauna ce ta kafa ta da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila. Daga baya Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo, da kuɗin mutanen Hong Kong da Japan da sauransu. In aka busa jiniyar canjin aiki, titi cika yake da kekuna, ba masaka tsinke: Tibi, Idoma, mutanen kudancin Zariya, Bahaushe, mutanen Bendel, kowa da kwanon abincinsa a ɗaure a bayan keke. Masu tuwo da masu shayi da masu gidajen haya a Makera da Nasarawa duk a kan wannan jiniya suke rayuwa.

Daga 1982 injuna suka fara tsayawa. Audugar gida ta riga ta ja baya tun shekarun da mai ya shagaltar da kowa, ta waje kuma ba kuɗin musayar da za a sayo ta, balle rini da kayan gyaran inji. Masaƙu suka shiga ba da hutun dole. A rufe mako biyu, a buɗe, a sake rufewa. A soke aikin dare. A daina ɗaukar sabbi, wanda ya yi ɗan kuskure a sallame shi. Na je masa ziyara a irin wannan hutu na tarar da shi da rana tsaka yana gyaran kejin kaji a tsakar gida, mutumin da ban taɓa gani a gida da hasken rana ba sai Lahadi. Na ce, «Yaya, me ƙungiyarku take yi ne? Ba za ku shiga yaji ba?» Ya dube ni ya ce, «Kai ma dai da wata magana. Wanda ke neman dalilin rufe ƙofa, kai kuma ka ce za ka daina shiga? Ai taimakon sa ka yi.»

Wannan amsa ita ce matsalar 'yan ƙwadago gaba ɗaya a shekarun nan. Yajin aiki makami ne da ke cin mai gida lokacin da yake bukatar aikinka. Ranar da kaya ba sa fita, ko babu abin sarrafawa, hutar da shi kake yi daga biyan albashi. Shi ya sa ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, wadda Adams Oshiomhole ya zama babban sakatarenta a 1982, ta koma cinikin abubuwan da a da za a ji kunyar faɗa: nawa za a biya mutum a ranakun hutun dole, wa za a fara sallama, nawa ne haƙƙinsa in an sallame shi. Wani lokaci kuma haƙuri ya ƙare. A Janairun 1984 ma'aikatan KTL, da aka ce za a koma ba su rabin albashi, suka tasa shugaban kamfanin a gaba suka nufi gidan gwamnati, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka tare su a hanya, aka yi ba-ta-kashi, aka kama wasu. Makonni kaɗan ke nan da hawan sabuwar gwamnatin da aka yi wa murna.

Shugaban wannan gwamnati, Janar Muhammadu Buhari, ya ƙi sharuɗɗan asusun ba da lamuni na duniya, IMF: ba zai karya darajar naira ba, ba zai cire tallafin mai ba, ba zai buɗe ƙofar shigo da kaya ba. Amma ya ɗauri aniyar biyan bashin waje, har kasafin 1985 ya ware wa bashin kashi 44 cikin ɗari na kuɗin musayar da ƙasa za ta samu. Daga jikin wa za a fitar da su? Aka daskarar da albashi. Aka shiga rage ma'aikata, a tarayya da jihohi, da sunan tsufa ko rashin ƙwazo ko rashin lafiya. Mu akawuna mun san yadda takardun nan suke, don ta hannun irinmu suke bi: layi uku, ba gaisuwa, an gode da hidimarka. Gwamnonin soja suka dawo da kuɗin makaranta da haraji iri-iri, aka janye tallafin abincin ɗalibai a jami'o'i. Sojoji da bulala suna tsare layin madara da sukari, ga yaƙi da rashin ɗa'a. Da likitoci suka shiga yaji a farkon 1985 saboda asibitoci ba kayan aiki, aka haramta ƙungiyoyinsu biyu, aka tsare shugabanninsu, har da Dokta Beko Ransome-Kuti. Ra'ayina, wanda na san abokaina da yawa ba sa so, shi ne ma'aikaci ya sha maganin IMF a wannan zamani ba tare da an karɓi kuɗin IMF ba. Abu ɗaya aka bar masa, darajar nairar da ke hannunsa a hukumance, ita ma a kasuwar 'yan canji ta Wapa labari ya fara canzawa.

Babangida ya zo a 27 ga Agustan 1985 da murmushi. Ya saki fursunonin siyasa, ya ce jama'a su yi muhawara: a karɓi bashin IMF na wajen dala biliyan biyu da rabi ko a bari? Aka yi ta muhawara a jaridu da rediyo da harabar jami'o'i, malamai da 'yan kasuwa da 'yan ƙwadago kusan baki ɗaya suka ce a bari. A Disamba ya fito ya ce ya ji, an fasa. Muka yi tafi. Amma tun ran 1 ga Oktoba ya riga ya kafa dokar ta-ɓaci kan tattalin arziki ta wata 15, aka zaftare albashin ma'aikata daga kashi 2 zuwa 15 cikin ɗari gwargwadon matakin mutum. Kasafin 1986 ya ɗaga fetur daga kwabo 20 zuwa 39 da rabi. A tsakiyar shekarar, lokacin da gangar mai ta faɗo har ƙasa da dala 10, aka ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki, SAP, aka ce na gida ne, mu muka ƙera abinmu. Duk sharuɗɗan da muka ce ba ma so suna ciki.

Shugaban NLC a lokacin Ali Ciroma ne, mutumin Barno, daga ƙungiyar ma'aikatan lafiya, wanda aka zaɓa a 1984. Ba mai yawan hayaniya ba ne, amma ba ya lanƙwasuwa. Wani babban karonsa da Babangida ba a kan albashi ba ne. Ran 23 ga Mayun 1986 'yan sanda suka harbe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, NLC ta sa ranar 4 ga Yuni don ma'aikata su fito jerin gwanon juyayi. Gwamnati ta ce wannan yunƙurin kifar da ita ne, ta baza jami'an tsaro, ta tsare Ciroma da abokansa, sannan ta yi doka ta cire ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, daga cikin NLC. Tsoronta a fili yake: kada ɗalibi da malami da lebura su saba tafiya tare.

Babban abin kuwa ya faru a ƙarshen Satumban 1986, ba jiniya, ba bulala. Aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje a Babban Banki. Dalar da ba ta kai naira biyu ba a hukumance ta haura naira 4 a zaman farko. Ba a rage wa kowa ko kwabo a takardar albashi ba. Amma duk abin da ke da ɗigon kayan waje a jikinsa, maganin zazzaɓi, littafin makaranta, tayar babur, taki, kwanon rufi, ya tashi ya bar mu a tsaye. Abin ya yi kama da gara a cikin rumbu: daga waje rumbu na nan lafiya lau da jinkarsa, sai ranar da ka zura hannu. NLC ta yi ta rubuta takardu tana sukar karya naira, amma ban san ranar da aka ce ma'aikata su ajiye aiki saboda farashin dala ba. Wa za ka je ka tsaya a ƙofarsa da kwali? Gwamnati ta ce ba ita ke yankewa ba, kasuwa ce. Kowane mako 'yan banki su taru su yi tayi, a karanta sakamako a labaran dare, mu kuma mu ji a bakin mai kanti bayan kwana biyu.

Adalci ne a faɗi cewa ba kowa ya yi kuka ba. Da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, manomin auduga ya samu mai saye da farashin da hukuma ba ta taɓa ba shi ba. Masaƙun da suka tsira suka farfaɗo, don atamfar waje ta yi tsada, tamu kuma ta yi arha a kasuwannin ƙasashen sefa, fatake na kwasa ta Maraɗi da Kwatano. Yayana ya koma aiki sosai, sai dai injunan da yake kula da su sun ƙaru, abokan aikinsa sun ragu. Bankuna suka yi ta tsirowa. Wanda abin ya faɗa wa a ka shi ne mai jiran ƙarshen wata.

Fetur kuwa a lokacin daban yake. Farashinsa a rubuce yake a jikin famfo, gwamnati ce ke yanke shi, kuma ranar da ya motsa, a ranar kuɗin mota ke motsawa, gobe kuma kwanon gero. A 1987 gwamnati ta cika jaridu da talabijin da tallace-tallace cewa fetur ɗinmu ya fi lemon kwalba arha, 'yan fasa-ƙwauri ne ke cin tallafin suna kai wa maƙwabta. NLC ta mayar da martani da nata takardun, tana jera albashin ma'aikacin Najeriya kusa da na ƙasashen da ake kwatanta mu da su, tana cewa in za a sayar mana da mai a farashin duniya, a biya mu albashin duniya. Takardun nan sun zaga ofisoshi, an liƙa su a tashoshin mota. A Disamban 1987 aka kama Ciroma da babban sakatarensa Lasisi Osunde da wasu, ana barazanar gurfanar da su kan tayar da fitina. Ƙungiyoyi suka yi shirin yaji, aka sake su, kasafin Janairu ya zo ba ƙarin kuɗin mai. A wannan zagaye 'yan ƙwadago sun ci.

Sai aka biyo musu ta cikin gida. NLC dama tana da ɓangare biyu tun asali, masu ra'ayin gurguzu da masu kiran kansu 'yan dimokuraɗiyya, rabuwar da ta samo tushe tun zamanin da ƙungiyoyin ƙwadago ke karkata ko Gabas ko Yamma. A taron zaɓe na Benin a Fabrairun 1988 ɓangaren Takai Shamang na ma'aikatan lantarki ya ware ya yi nasa taro, ya ce shi ne shugaba, sauran suka sake zaɓen Ciroma. Gwamnati ba ta ɓata lokaci ba. A ƙarshen watan ta ce tunda gida ya rabu, ta rushe duka biyun, ta naɗa Michael Ogunkoya kantoma. Da ta ga fili ya zama nata, sai ta yi ƙarin nan na Afrilu. An sa wa fetur ɗan kaɗan don kada a ji, kananzir da man dizal da sauran kayan mai suka fi jin jiki.

Ɗaliban Jami'ar Jos ne suka fara fitowa, gari ya biyo su, aka yi harbi. Daga nan abu ya bazu. Reshen ƙungiyoyi na jihohi, waɗanda ba wanda ya tuna da su lokacin da ake rushe na Legas, suka riƙa zama suna yanke shawara da kansu. Kano na cikin wuraren da aka ajiye aiki. Yadda na ga abin a wajenmu, ba wani jawabi mai zafi aka yi ba. Wakilin ƙungiya na ofishinmu, wani dattijo mai kula da sito wanda ko muryarsa ba a cika ji ba, shi ya zaga tebur tebur yana cewa, «Malam, gobe a zauna a gida.» Wani ya tambaye shi wa ya ba da umarni tunda an rushe shugabanni. Ya ce, «Da aka ƙara kuɗin, shugabanni aka ƙara wa ko kai?» Washegari masinja da direba da mai shara ba wanda ya zo, manya suka zo suka tarar ba mai buɗe musu ƙofa. Ma'aikatan jinya da na banki suka bi, har abin ya kai Legas.

Gwamnatin da ta rushe NLC don kada ta samu mai ja da ita, sai ga ta tana neman wanda za ta zauna da shi. Kantoma ba shi da ikon ce wa kowa ya koma aiki, don ba shi ya ce a fita ba. Dole aka nemo shugabannin ƙungiyoyi ɗaya ɗaya aka hau teburi da su. An yi alkawarin sakin waɗanda aka kama da hanzarta biyan sabon tsarin albashi. Amma kwabo 42 na nan inda yake. In aka auna da abin da aka fita nema, ba a ci ba. In aka auna da abin da gwamnati ta yi niyya, wato ta kai farashin mai matsayin na kasuwar duniya kamar yadda masu ba da bashi ke matsa mata, to an taka mata burki, don har Babangida ya sauka a 1993 lita ba ta wuce kwabo 70 ba.

Abin da ya biyo baya horo ne. ASUU ta shiga yaji a tsakiyar 1988, aka haramta ta, aka tsare shugabanta Dokta Attahiru Jega na Jami'ar Bayero da wanda ya gada, Festus Iyayi. A Oktoba manyan ma'aikatan hukumar lantarki ta NEPA suka kashe wuta a faɗin ƙasa don neman haƙƙinsu. Aka gurfanar da goma sha ɗaya daga cikinsu gaban kotun soja, aka yanke musu ɗaurin rai da rai. Ɗaurin rai da rai, a kan yajin aiki. Daga baya aka rage zuwa shekara goma, aka sake su a 1990, amma saƙon ya riga ya isa kowane ofis. A Disamban 1988 aka mayar wa ma'aikata NLC da sabon shugaba, Paschal Bafyau na ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa, mutumin Gongola, wanda ya yi imani cewa zama kusa da gwamnati ya fi amfani a kan faɗa da ita.

Shi ya sa da babbar tarzomar SAP ta ɓarke a ƙarshen Mayun 1989, ba 'yan ƙwadago ne a gaba ba. Daga Jami'ar Benin ta tashi, ta bi Legas da Ibadan da wasu garuruwan kudu, ɗalibai da 'yan kasuwa da marasa aikin yi, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka fasa gidan yari a Benin, mutane da dama suka mutu. Aka rufe jami'o'i shida. Babangida ya ce SAP ba ta da madadi. Da Gani Fawehinmi ya kira taro a Legas don a tattauna madadin, aka kama shi tare da Tai Solarin da tsoho Imoudu, wanda ya jagoranci yajin 1945 a zamanin Turawa, aka kai Gani kurkukun Gashuwa. Sannan aka fito da abin da aka kira sassauci: motocin haya na gwamnati, alkawarin ɗaukar ma'aikata, Bankin Al'umma da aka ba Tai Solarin ɗin nan shugabancinsa. 'Yan watanni bayan haka, ran 9 ga Fabrairun 1990, jami'an tsaro suka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy ta Yamai a Nijar, su ma a kan tsuke bakin aljihun da Bankin Duniya ya nema a harkar ilimi. A can ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta tsaya tare da ɗalibai, yajin aikinta na Nuwamban shekarar ya taimaka wajen tilasta wa Janar Ali Saibou yarda da jam'iyyu da yawa. Haɗuwar da Babangida ya yi ta rabawa tun 1986 ke nan.

Mu kuwa kowa ya kama gabansa. Ofis ya zama wurin da ake sa hannu da safe a fita neman abinci. Mai mota ya mayar da ita kabu-kabu bayan an tashi, mai babur ya shiga acaɓa yana rufe fuska da rawani kada ɗalibansa su gane shi. Ni gona na koma, kowace Juma'a da yamma ina kan hanyar ƙauye, kuma gero da waken da nake dawowa da su sun fi albashina riƙe gidan. Matan ma'aikata suka shiga saƙa da ƙulla ƙanƙara da adashi. Likitoci da malaman jami'a suka yi ta tafiya Saudiyya da Amurka da Ingila, har gwamnati ta kafa kwamitin binciken dalilin tafiyarsu, kamar ba ta sani ba. Cin hancin ƙaramin ma'aikaci, na a nemo fayil a ba da na goro, wanda a da ake yi a ɓoye da kunya, a shekarun nan ya zama abin da ake lissafawa cikin kuɗin cefane. Ba ina wanke kowa ba ne, amma duk mai son sanin inda aikin gwamnati ya lalace, ya duba tsakanin 1986 da 1990.

Mafi ƙarancin albashi ya zauna a naira 125 shekara goma cur. A 1989 dala ta haura naira 7, wato dala 200 ɗin da Sunmonu ya karɓo mana ta koma ƙasa da 20. Bayan doguwar tattaunawa da NLC ta Bafyau, kasafin 1991 ya ninka shi zuwa naira 250, aka yi ta yabon gwamnati a rediyo. Dala na neman naira 10 a lokacin, kuɗin bai fi dala 25 ba. A kan wannan ma sai da ma'aikatan jihohi da dama suka sake shiga yaji kafin gwamnoninsu su yarda su biya.